Aljihun Nagode

Talata Mafara, ranar Laraba

Zuwa ga Yaya Falalu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kun tashi lafiya, kai da Yaya Taiba da ɗiyarmu Nagode. Yaya jikin hannu, yaya aikin shinkafa? Tun da anka yanke layin waya sai mun koma biro kamar mutanen da, ka yi haƙuri da rubutuna, ka san iyakar karatuna. Ɗantala direba zai kawo maka wannan.

Na iso Mafara lafiya. Kasuwa a rufe take, ba mai sayen takalmi ba mai gyaran jaka, aikinka kaɗai ke gabana. Ina son in ji ko jar fatar da na naɗa wa ƙotar bindigar ta zauna. Na ga yadda take sulɓe maka, shi ya sa na bar gefen fatar mai kaushi a waje, na ƙara kauri inda yatsunka biyu ba su lanƙwasa. Icen da na sassaƙa daidai girmanta yana nan, a kansa nake gwada kuben da ka ce in ɗinka mata.

Abu ɗaya ya tsaya mini, Yaya. Ka ce kube marar marfi kake so, wanda zai zauna cikin aljihun dama na rigarka. Ni ban ce kada ka riƙe ta ba. Wanda anka ɗauke daga gonarsa anka ɗaure shi a daji har igiya ta kashe masa yatsu, ba ni zan koya masa tsoro ba. Amma kwanan da na yi wurinku na ga abin da Nagode ke yi in ka dawo. Ba ta gaishe ka, ba ta duba fuskarka, aljihun nan take nufa da gudu ta zura hannu har gwiwa tana neman dabino. Aljihun nan ai nata ne tun tana rarrafe.

Ka bari in sa marfi da maɓalli mai tauri. Ina jiran amsa.

Ƙanenka,
Sadi baduku

*

Maradun, ranar Asabar

Sadi,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Taiba ke rubutawa, ni nake faɗa, tun da har yau biro ba ya tsaya mini.

Ƙotar ta yi, Allah ya yi albarka. Zancen marfi ka bar shi. Ranar da sunka zo mini ina tsugunne bakin kwata ina buɗe wa ruwa hanya, ban ji babur ba sai da inuwa ta rufe ni. Mai irin wannan hannu, in ya tsaya ɓalle maɓalli, an gama da shi. Maɓallin da zai gagari Nagode ni ma zai gagare ni, ƙarfin yatsunmu ɗaya yanzu. Ita kuma zan hana ta, yaro ai da horo yake tashi.

Shinkafa ta fara ja, kuma babu wanda zai yanke mini ita in na zauna gida. Ka ɗinka abin da na ce. Kai ɗinki ka sani, ni na san daji.

Yayanka,
Falalu

Ƙanen miji, wannan layin nawa ne, ya fita alwala. Ka ja aikin nan yadda ka saba ja wa mutane takalmansu. Yau ce ranar da nawarka za ta yi amfani. Taiba.

*

Bakura, ranar Alhamis

Zuwa ga Sadi,

Sallama da gaisuwa. Kada ka yi mamakin ganin Bakura a sama, ina gidanmu ni da Nagode. Ba yaji na yi ba, kuma ba kora ta aka yi ba, na gaya wa yayanka a fili kafin in ɗauki mayafi.

Da ya ga kube bai zo ba, sai ya riƙa sa bindigar tsirara cikin aljihu. Ya hana Nagode zuwa tarye, ta ji na yini biyu. Ran Litinin da la'asar ina tankaɗe, ya yi sallama, ban ankara ba ta wuce ni. Kafin in miƙe hannunta yana ciki. Sadi, ban taɓa ganin mutum ya yi sauri irin haka ba. Ya damƙe wuyan hannunta ya zaro shi, yatsanta ɗaya yana cikin zoben da kunamar take. Allah ya tsare, ba abin da ya tashi. Amma ya daka mata tsawar da ban san yana da ita ba, kuma har yanzu shatin yatsunsa biyar yana nan a hannunta, ya yi baƙi.

Ita ba ta yi kuka ba, wannan ne ya fi damuna. Ta koma bayan turmi ta tsaya. Da ya huce ya kira ta, ya ciro dabino daga cikin hularsa, ta ƙi zuwa. Shi kuwa ya zauna bakin rijiya har aka kira magariba.

Ban ga laifinsa ba. Ni na yi jinyarsa, na san abin da yake gani in ya rufe ido. Ban ce ya jefar da ita ba, don ni ma ina son ya riƙa dawowa. Na dai ce muddin abin nan yana aljihun da ɗiyata ke sa hannu, ba za ta kwana gidan ba. Ya ce to in tafi, shi ba shi da wani hannun.

Jiya kawuna ya shigo, ya ce ta zo ta duba aljihunsa. Ta ɓoye hannuwanta a baya ta ce akwai wuta.

Kai yake ji, ko da yana nuna ba ya ji. Ka gaida mutanen rumfa.

Matar yayanka,
Taiba

*

Talata Mafara, ranar Lahadi

Zuwa ga Yaya Falalu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma yi maka jaje da barka, tun da Allah ya kiyaye. Labari ya zo mini daga Bakura. Nawata tana cikin abin da ya jawo wannan, shi ya sa ban ƙara kwana ba. Ga kube nan cikin ƙunshin takalman da na ba Ɗantala.

Kafin ka yi fushi ka karanta har ƙasa. Ba na aljihu ba ne, na ƙugu ne, da ɗamararsa, riga za ta rufe shi. Yana da marfi, kuma maɓallin na da tauri ƙwarai. Na sa icen nan ciki na ba 'ya'yan maƙwabcina su buɗe, har da wanda ya girmi Nagode nesa, sun yi ta ja sun gaji. Kuma ɓangaren hagu na yi shi.

Yaya Taiba ta ce shatin yatsu biyar ya fito a hannun yarinyar. Na daɗe ina juya maganar nan ina ɗinki. Damanka ba ya riƙe kofin shayi sai ka tallafe, yatsu uku ke aiki, su ma da lallashi. Ina ya samo biyar, ina ya samo ƙarfin da zai bar shati? Da hagu ka kama ta, Yaya. Ka ƙetaro da shi ta gaban cikinka ka riga yatsan yaro sauri.

Ni ban yi mamaki ba. Muna yara in anka tura mu korar tsuntsu a gonakin Bakolori, kana duba hanya tukuna, in ba kowa sai ka mai da majajjawa hagu, kuma ba ka kuskure. In Baba ya ɓullo ka mai da ita dama ka riƙa jifan iska. Gwaggo Marka ta taɓa gaya mini bahago anka haife ka, Baba, Allah ya jiƙansa, ya riƙa ɗaure maka hannun a baya in za a ci tuwo har ka bari. Ban taɓa ɗaga maka zancen ba don na ga ba ka so. Har yau in abu ya faɗo daga kan katanga da hagu kake cafewa, sannan ka duba ko an gani.

Baba ya yi abin da ya ga daidai, kuma ya samu abin da yake so, da dama kake ci, da dama kake gaisawa. Ba wanda ya ce ka sake wannan. Amma bindiga ba tuwo ba ce. Ka ce wa Yaya Taiba ba ka da wani hannun, alhali yana nan lafiya lau, mutanen daji ma ba su san da shi ba, sun fi matse wanda sunka zaci shi ne mai aiki.

Ka cire harsashin ka gwada buɗe marfin da hagu a ɗaki, kai kaɗai. In ya gagare ka, ka maido mini in ɗinka na aljihun, ba zan ƙara cewa komai ba. Fatar ƙotar kuma sai na zo in sake ta, don na yi kaurin a ɓangaren da ba shi ba.

Allah ya sa ta tsufa cikin kuben ba ta yi magana ba.

Ƙanenka,
Sadi

*

Talata Mafara, ranar Juma'a

Yaya Taiba,

Gaisuwa mai yawa, ki shafa mini kan Nagode. Kin tambaya ta bakin Ɗantala ko Yaya Falalu ya amsa. Bai amsa ba. Ɗantala ya ce ya karɓi ƙunshin, ya karanta takardar a tsaye, ya ninke ta. Ɗantala ya sake bi ta ƙofar gidan sau biyu bai same shi ba, an ce yana gona, an fara yanka.

Kuben dai bai dawo ba. Ban sani ba ko fushi ne, ko kuwa don mai rubuta masa ta tafi gidansu ta bar shi da biro. Ki ƙara haƙuri. Ni da kike yi wa gorin nawa, ga shi yau kin ga inda na gado ta.

Ƙanen mijinki,
Sadi

*

Maradun

Sadi,

Salam. Marfin ya buɗu. Ka zo ka sake fatar.

Na je Bakura jiya. Ta ƙi zuwa wurina. Na zauna kan tabarma na juya mata gefen dama, na yi ta hira da surukina kamar ban san da ita ba. Sai can na ji ana taɓa rigar a hankali. Dabino bakwai na sa, shida na tarar.

Taiba ta ce sai bayan Juma'a za su dawo, in ta ga dama.

In layin ya karkace kada ka yi dariya. Ba wanda ya rubuta mini wannan.

Falalu