Kaset Biyu a Jakar Alu

Litinin, 10 ga Janairu, 2000
Sai yau maigidana Baban Rabi ya yarda aka buɗe jakar ƙaninsa Alu, kwana arba'in da shida da kashe shi a rikicin ƙabilanci na kasuwar Mile 12. Riguna uku, kwalbar turare, sai kaset ɗin bidiyo biyu na katun ɗin Japan. Alu da katun! Ƙato da gemunsa, ya yini sauke kwandunan tumatir, ya dawo ya tasa zane a gaba. Babu irin tsiyar da yayansa bai yi masa ba a kan wannan. Yau shi da hannunsa ya saka na farko bayan la'asar.

Ashe ba na yara ba ne. Wani saurayi ne dodanni suka cinye ƙanwarsa a gabansa, ya je wajen wani baƙin abu a cikin kogo ya karɓo takobi. Jini kamar a kwata. Baban Rabi ba ya karanta Turanci, ya ce in riƙa faɗa masa rubutun da ke fitowa a ƙasa.

Laraba, 12 ga Janairu
Sau uku ke nan yana kallonsa. Kasuwa ya daina zuwa, da an kawo wuta sai kaset. Na biyun ya ce a bari tukuna.

Juma'a, 14 ga Janairu
Wani ya ce masa wai an ga Taju, Bayeraben da ke facin taya a bakin layinmu, a kasuwar ranar nan da adda a hannu. Wai. Wanda ya faɗa ma ba shi ya gani ba. Tajun da suke sahu ɗaya a masallaci, wanda ni da matarsa muka yi firamare tare.

Ina shara na ga wuƙar mahauta a bayan kabad, naɗe a jarida. Ba tamu ba ce.

Lahadi, 16 ga Janairu
Na yi dabara, ni mai wayo. Inda saurayin ke rantsuwa ba zai bar ko ɗaya da rai ba, na ce cewa ya yi ya bar wa Allah. Inda ya ce jini ne kaɗai ke biyan jini, na mayar da shi haƙuri maganin zaman duniya. Baban Rabi ya dube ni. Ya ce, "Laila, wanda ya bar wa Allah ne ke sare kawuna bakwai?"

Ya cire kaset ɗin ya fita da shi.

Litinin, 17 ga Janairu
Wajen Nazir mai shagon hayar kaset ya kai, aka karanta masa tiryan-tiryan. Bai yi faɗa ba, gara ma ya yi. Cewa kawai ya yi na mayar da shi yaron goye. Abincina bai taɓa ba.

Laraba, 19 ga Janairu
Ya fita tun safe. Daga taga na hango shi zaune a bencin mai shayi, daidai tsallaken rumfar Taju, shayin ya huce a gabansa. Ɗinkin mutane na gabana na kasa taka keke.

Na saka kaset na biyu ni kaɗai. Wayyo. Ashe takobin da sharaɗi aka ba shi: duk dodon da ya kashe, takobin zai ɗauke masa abu ɗaya na ƙanwar. Da farko muryarta. Sai waƙar da take yi in tana ɗebo ruwa. Sai fuskarta. Shi kuwa bai ma san ana ɗauka ba, gani yake ƙarfi yake ƙarawa. Na yi kuka har Rabi ta dawo daga makaranta ta tarar da ni, na ce mata albasa ce.

Abin da ya fi ci mini rai, dodannin ma ba duka ne suka ci yarinyar ba. Wani yana roƙo da hannu biyu ya sare shi. Kuma ni da ke kallo, sai da na ji daɗi kafin na ji kunya.

Alhamis, 20 ga Janairu
Wuƙar ba ta bayan kabad.

Asabar, 22 ga Janairu
Tun jiya take ɗaure a ƙugunsa, ina ganin tudunta ta cikin riga. Da azahar na tare ƙofa na ce ya kalli na biyun kafin ya fita, ko don Alu, tunda shi ya saye su tare. Ya ce da sharaɗin in fassara masa ba ragi ba ƙari. Na rantse.

Na cika alkawari. Har wuraren da ke zuga mutum na faɗa yadda suke, shi kuwa yana gyaɗa kai. A ƙarshe saurayin ya gama da dodon ƙarshe, ya koma ƙauyensu ya tsaya gaban wani ƙaramin kabari. Wata tsohuwa ta tambaye shi na wane ne. Na karanta amsarsa: ban sani ba, ƙafata ce ta kawo ni.

Ya ce ƙarya nake, na sake irin ta ranar nan. Na rantse da Allah, na rantse da ran Rabi, ya ce wa zai yarda da ni. Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba. Magana ɗaya ta gaskiya da nake buƙatar ya ji, ni na kashe ta da hannuna tun ranar Lahadi.

Ya mayar da kaset ɗin baya, ya ce in yi shiru. Ya kalli wurin babu muryata. Saurayin na shafa dutsen kabarin, idonsa a bushe, yana waige-waige kamar baƙon da ya sauka a tashar da ba tasa ba. Ya sake mayarwa. Sau huɗu.

Can ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Tabon da ke fuskar Alu, dama ne ko hagu?"

Na ce hagu, Baban Rabi, ƙasan ido.

Ya ce tun da aka faɗa masa maganar nan, in ya rufe ido Taju yake gani, ba Alu ba. Sai ya kifa kai a gwiwa. Ranar jana'iza ma bai yi kuka haka ba.

Lahadi, 23 ga Janairu
Bai fita ba. Ya ci tuwo kaɗan.

Talata, 25 ga Janairu
Ya koma kasuwa. Bai ce ya yafe ba, ban kuma tambaya ba. Har yau ba mu san ko Taju ya je wurin ko bai je ba, wataƙila ba za mu taɓa sani ba. Wuƙar ya ajiye mini a kan murhu, ya ce in mayar wa mai ita a kwata.

Akwai abin da ban rubuta ba ranar sha huɗu. Da na ga wuƙar, rijiya na tsakar gida, taku goma. Ban jefa ta ba. Na sake naɗe ta da kyau na mayar inda take. Ni na yi wa Alu wanki da girki shekara shida.

Da na dawo daga kwata na bi ta gaban rumfar. Taju ya ɗago daga kan taya ya gaishe ni da Yarbanci, kamar yadda ya saba. Tun watan Nuwamba ban amsa masa ba. Ban tsaya ba, ban kalle shi ba.

Na dai amsa.