Mutum na Huɗu a Ɗakin Hoto

Houston, Agusta 1969

Ƙanwata Arlene,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da jaririyarmu Nadine. Idan kin ji takardar nan tana wari, ba daga ni ba ne. Sai sun turara ta da magani kafin ta fita daga inda aka killace mu.

Kin dai ji labari. Ina ɗaukar hoton kundin da 'yan sama jannati suka rubuta a duniyar wata, shafi bayan shafi, hannuna cikin akwatin gilashi, sai safar hannu ta roba ta yage. Ƙurar wata ta fito, baƙa kamar ta gawayi. Doka ta ce duk wanda ke ɗakin a rufe shi tare da matafiyan, har likitoci su tabbatar ba su kwaso mana cuta daga can ba. Na karanta labarin mutane da yawa da suka shiga tarihi, ban taɓa ganin wanda ya shiga ta hudar safa ba.

Ga abin da ya sa na rubuto. Mu huɗu ne a ɗakin, uku aka rufe. Mijinki Hoyt na jin ƙararrawa ya ce, "Suruki, ba ka gan ni ba," ya bi ta ƙofar baya. Ban san mai tumbi irin nasa na iya wannan gudun ba. Yanzu an ba ni rahoto in rubuta sunayen waɗanda ke wurin in sa hannu, a haɗa shi da takardun tafiyar. Na ce musu hannuna na rawa, su ba ni lokaci. Ki ce masa ya dawo da ƙafarsa.

Yayanki,
Wendell

*

Yaya,

Na ga wasiƙarka, muna gaishe ka. Na karanta wa Hoyt, ya ture kwanon wake da shinkafa ya tashi. Ya ce, "Wurin da ba iska ba ruwa, wace cuta za ta rayu? Na wanke hannu da sabulu a gidan mai. Yayanki son shiga jarida ne ke damunsa."

Yaya, in sunansa ya shiga takardar nan sun kore shi, kuma babu mai sake ɗaukarsa a garin nan. Kai ka kai shi aikin. Ka rubuta uku don Allah, wa zai ƙirga?

Nadine jikinta ya ɗan yi zafi tun jiya. Maƙwabciyarmu ta ce haƙori ne. Kada ka sa wani abu a ranka. Ranar da ya dawo ya ɗauke ta, amma ai kullum yana ɗaukarta.

Ka huta lafiya.
Arlene

*

Arlene,

Ina gaishe ki. Jaririyar da ba ta cika wata biyu ba, haƙorin me? Maƙwabciyarki ta yi ƙoƙari, a gaishe ta.

Gaskiya ni ma ina ganin Hoyt ya fi kusa da daidai. Ɓerayen gwajin da ake ɗura wa ƙurar nan sun fi ni ƙiba da walwala. Amma "ina gani" ba magani ba ne. In kin kai ta asibitin unguwa, likita ba zai san abin da zai tambaya ba, ke kuma ba za ki faɗa ba, za a kwantar da ita kusa da 'ya'yan mutane. Likitocin da suka san abin da za su duba suna nan, nan ɗin kuma ba a shigowa sai an faɗi dalili.

Jami'in tsaro ya leƙo ɗazu ta gilashi ya ce, "Malam Wendell, hannun bai daina rawa ba? Da cokali dai na ga ba ya yi." Na ce masa cokali ba ya tambayata suna. Bai yi dariya ba. Ya ce zuwa Juma'a.

Ba zan rubuta uku ba, gara ki sani. In kuma na rubuta huɗu, mota za ta zo ƙofarku gaban maƙwabta, mijinki ya rasa aiki ta hannuna, ke da ni kuma wataƙila ba za mu sake haɗuwa ba sai a jana'iza. Na fi son ya fito daga bakinsa. Yaya jikin yarinyar? Ki amsa da farko, kafin gaisuwa.

Wendell

*

Daga ɗakin ƙarshen baranda

Yaya,

Zafin ya ƙaru, ta ƙi nono. Na roƙi Hoyt, ya ce mu ƙara jira. Da ya shiga wanka na buga wa likitocin wurin aikinku waya da kaina.

Sun kawo mu dukanmu uku inda aka killace ku da safen nan. Sun karɓe katin aikinsa tun a ƙofa. Likita ya leƙa kunnenta ya daɗe, ya ɗebi jini, ya ce sai gobe.

Ka rubuta huɗu ka sa hannu. Sannan ka zo ka karɓe ta in ɗan rintsa. A nan dai babu mai hana ka ɗaukarta.

Ƙanwarka,
Arlene