Mijina Zai Kai Mu Brazil Noma

Anti Jimmai, don Allah ki taimake ni kafin mijina Simeon ya ɗaure mana kaya. Shekararmu goma sha huɗu a garin Greensboro na Amurka, muna haya a unguwar Glenwood. Aikinsa sa tayil, kuma abokan aikinsa duk 'yan Brazil ne. Tun bara ya fara tambayarsu ina danginsu suke. Wannan ya ce ƙanensa na Fotugal, wancan ya ce yayarsa na Jafan. Sai ya sayo taswirar duniya ya manna a falo, ya sauke hoton aurenmu, yana ta zana kibiyoyi da jan biro.

Yanzu ya yanke hukunci. Wai a ƙauyensu babansa ba ya noma sai inda Fulani suka tashi da shanunsu, don nan taki yake. Tunda duniya na tururuwa zuwa Amurka da Turai, 'yan Brazil ma sun bi sahu, to Brazil ta zama tsohuwar ruga, mai wayo shi ne wanda ya riga kowa isa. Ya faɗa wa fasto. Ya faɗa wa mai gidan da muke haya za mu tashi ƙarshen Mayu. Har fartanya ya sa aka aiko masa daga Jos. 'Yarmu Yemima saura mata shekara ɗaya ta gama sakandare, ta daina yi masa magana ko da Turanci. Ya ce in ba za mu bi shi ba, zai yi gaba ya share mana fili. Anti, ina son mutumin nan, kuma tsoro nake ji. Ba ya shan komai, na duba.

Taki, Mai Taswira a Falo

'Yar'uwata, na yi dariya, amma na ji tsoronki. Brazil na da mutum sama da miliyan ɗari biyu. A duniya, cikin mutum ɗari kusan huɗu ne ke zaune a wajen ƙasarsu, 'yan Brazil kuwa ba su ma kai haka ba. Rugar nan cike take, masu ita na ciki.

Gobe ki je wurin mai gidan hayarku ki janye maganar tashi. Karatun Yemima ba abin wasa ba ne, ki gaya wa Simeon haka a fili, ba gaban yarinyar ba.

Amma kada ki mai da shi mahaukaci. Ɗan manomi ne da ya shekara goma sha huɗu a durƙushe yana rufe ƙasa da tayil a gidajen mutane. Kewa ce ke damunsa, bai san sunanta ba. Ranar Asabar ki ɗauke shi zuwa Summerfield, inda gonaki suke a bayan garinku, ku nemi mai fili da zai ba shi kunya goma ya shuka masara da yakuwa. Ki zauna a bakin gonar ki tambaye shi labarin babansa, ki bar shi ya yi magana har ya gaji.

Allah ya zaunar da ku lafiya, ku uku, a gida ɗaya.

Anti Jimmai