Sharhin Kiɗan da Ban Ji Ba

Leipzig, 3 ga Maris

Yaya Ortwin,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da maiɗakinka. Yaya gwiwar taka? Na san ka, ba ka shan magani sai an yi maka faɗa.

Akwai maganar da ban gaya wa kowa ba. Shekara biyu ke nan kunnena na hagu ya mutu, na dama ma ya daina kama siririn sauti. Jami'a ba ta sani ba, jaridar da nake yi wa sharhin kiɗa ma haka. Shekara talatin ina koyar da tarihin kiɗa, littafi shida na rubuta, amma yanzu hannun makaɗi nake kallo in yi sharhi.

Makon jiya wata matashiya mai goge, Maren Kolbe, ta yi wasa. Na rubuta cewa idan ta hau sama zuwa siririn sauti kiɗanta ba shi da rai. Yaya, ni ce ban ji ba. Saboda rubutun nan wata ƙungiyar makaɗa ta fasa ɗaukarta. In na faɗi gaskiya, duk abin da na rubuta cikin shekara biyun nan ya zama ƙarya.

Ƙanwarka,
Adelheid

Leipzig, 19 ga Maris

Yaya Ortwin,

Ina gaisuwa, ina fatan gwiwa ta yi sauƙi. Na ga wasiƙarka. Ka ce in nemi yarinyar, to ita ta riga ni.

Jiya ta zo ofishina da gogenta, babu fushi a fuskarta. Ta ce littattafaina ta karanta tun tana makaranta, ta roƙe ni in nuna mata inda ta kuskure. Ta tsaya gabana ta kaɗa wurin da na soka. Ina ganin yatsunta suna tafiya, amma motar da ke wucewa a titi kawai nake ji. Da ta gama ta zuba mini ido.

Na buɗe baki zan gaya mata, sai na ji na ce, "Yanzu ya fi."

Ta yi murna har da hawaye. Ta ce tun ranar da sharhina ya fito take sauya riƙon gogenta, kafaɗarta har ta kumbura, amma za ta ci gaba tun da na ce ya fi.

Ranar Asabar akwai wani wasan. Edita ya kira ni da safe, na ce masa zan je.

Ka gaida gida.

Ƙanwarka,
Adelheid