Falle Uku na Tsoho Rong

Alibandeng, Libreville

Zuwa ga Yaya Aïcha,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da yara da duk mutanen Garoua. Ya ƙafar Inna? Mu nan sai ruwan sama, dare da rana.

Kin ce kin ji na sa wani Basine, mutumin ƙasar China, a ɗakin ajiya na bayan shagona. Gaskiya ne, kuma kwantar da hankalinki, tsoho ne ya haura saba'in. Sunansa Rong, mai zane ne. Ya daɗe a Faris, an ce can manyan mutane ke layi su kalli aikinsa, sai ya zo nan don ruwan gaɓar unguwar Glass ya tuna masa da kogin garinsu. Ni dai na duba aikin ban ga kifi ko jirgi ba. Yadi yake shimfiɗawa a ƙasa, ya tsoma tsintsiya a baƙar tawada ya ja, ya watsa jan fenti, ya tsaya yana haki kamar ya yi dambe. Na ce masa ya fi malamanmu tsoron zana mai rai. Bai yi dariya ba. Da guntun Faransancinmu ya gaya mini yana yaro taron jama'a suka ƙone zanen babansa, suka yi ta dukan baban a gabansa har ya daina motsi. Tun ranar bai ƙara zana fuskar mutum ba.

Alawayyona yake saya. Kin san hannuna ya saba da yankan likkafani, ranar farko ina hira na yanka masa falle uku irin na namiji. Tsawon ya yi masa daɗi, ya ce kullum haka yake so. Sai dai in ya shanya su a igiya maƙwabta na tsayawa kallo, jiya har wani ya jefo dutse ya fasa masa kwalbar tawada. Na fita na wanke unguwar tas.

Ki gaishe da Inna. Taki,
Kaltoumi

Alibandeng

Yaya Aïcha,

Ina gaishe ki, Allah ya sa kuna lafiya. Ban kira ki ba don muryata ba za ta kai ƙarshen maganar nan ba.

Ranar Talata 'yar Salif mai gyaran babur ba ta dawo daga lekol ba bayan an tashi 'yan makaranta. Kafin la'asar hoton igiyar Tsoho Rong ya zagaye wayoyin unguwa: likkafani uku, jina-jina, a gidan baƙo. Kin san yadda garin nan yake da maganar masu satar yara don tsafi. Kuma namu ne, Musulmi, suka tabbatar wa sauran cewa wannan yankan gawa ne, tunda su suka san shi.

Na gama yanka masa sabbin falle ke nan na ji ihu. Suka ɓalle ƙofa, suka jawo shi waje da tsintsiyarsa a hannu. Suka baza zanen a laka suna tambayarsa hoton mene ne. Da akwai ko akuya a jiki, wataƙila da sun tsaya. Ya buɗe baki yana neman kalma, Salif ya sauke masa ƙarfen taya a kafaɗa. Na ji ƙarar ƙashin, Yaya, har yanzu ina jin ta. Ya faɗi, suka rufe shi da duwatsu da katako. Wata mata da nake ba atamfa ta zaɓa kowace salla ta taka masa hannun dama, ta murza. Na kutsa ina rantsuwa cewa fenti ne, ni na yanka yadin, na dangwala jan na lasa a gabansu. Wani ya naushe ni a baki, haƙorina biyu suka tafi. Na kwanta a kansa, duka na sauka a bayana, shi kuma ko kare kansa bai yi ba, idonsa na kan wutar da suka cinna wa aikinsa.

Ƙarar motar jandarma ce ta watsa su. Yarinyar kuwa ta dawo da magariba tana cin biskit, ashe gidan gwaggonta ta bi a unguwar Batterie IV.

Tsohon yana lopital a hannun likitoci, bai farfaɗo ba. Ku sa shi a addu'a, kada ki tsaya tambayata addininsa.

Ƙanwarki,
Kaltoumi

Alibandeng

Yaya Aïcha,

Gaisuwa da fatan alheri. Na gode da maganin da kika aiko, bakin ya sace, bayan ne dai da saura. Kada ki gaya wa Inna zancen haƙoran.

Tsoho Rong ya rasu ranar Lahadi. Sau ɗaya ya buɗe ido, ya ɗaga dungun hannun da likita ya yanke yana ja a iska, hagu zuwa dama, yadda yake yi da tsintsiya. Na riƙe masa kafaɗa har ya gama.

An kama Salif da wasu. Sauran suna wucewa ta gaban shagona suna gaishe ni da jiki, kai a ƙasa. Ba na amsawa, kuma ban yafe ba.

'Yarsa Meilan ta zo daga Faris. Ta nemi ko zane ɗaya na shekarunsa na nan, na kai ta bayan shago ta ga toka. Ba ta yi kuka ba sai da ta ga tsintsiyar. A ɗakin gawa muka tarar sun rufe shi da wani zanin lopital mai tabo, raina ya ɓaci. Na koma shago na ɗauko falle ukun da na yanka masa ranar Talatar, suna nan a kan tebur yadda na bar su, fari fat. Na gaya mata yadda muke yi wa namu, ta ce in yi.

Ma'aikatan suka naɗe shi ina tsaye. Na zo da almakashi ko za a rage, Yaya, ba a rage ko ɗan yatsa ba. Yadin ya yi masa daidai.

Ki yi mini addu'a.

Taki har kullum,
Kaltoumi