Muryar Kakana Da Na Saka A Guruf Ɗin Laburare

Daga Admin: wata 'yar'uwa ce ta turo, ta ce a sakaya sunanta. A ba ta shawara cikin mutunci, banda zagi.

Assalamu alaikum jama'ar gidan nan, barkanmu da war haka. Don Allah ku ba ni shawara, wallahi abin nan ya dame ni. Sunayen da zan ambata duk na canza su, wanda ya gane ni kuma don girman Allah ya rufa min asiri.

Ni 'yar Jibiya ce, na gama makaranta ban samu aiki ba, ina taya mamata sayar da atamfa da turaren da ake kawo mana daga Maraɗi. Akwai wata laburare da nake zuwa tun ina ɗaliba, to da mutane suka rage zirga-zirga saboda yanayin hanya sai suka mayar da shirye-shiryensu ta waya. Suka buɗe guruf a WhatsApp, akwai ranar karatun yara, akwai ranar mata masu sana'a, sannan akwai ranar Asabar da ake saka muryar dattawa suna ba da labarin yadda aka yi zaman da. Wannan na Asabar ɗin shi ya fi jama'a, har 'yan ƙetare suna ciki, mu ma idan sabis ɗinmu ya ɗauke da layin Nijar muke shiga. Antin da ke kula da shirin ta sa ni cikin masu nemo muryoyi. Ni kuma Allah Ya yi ni da son a ce na iya, halina ne ba zan ɓoye muku ba. Kowa yana kawo nasa ana ta tafi, wata ta kawo tsohon marini, wani ya kawo tsohon direban da ya yi zamanin da ba a san shinge a boda ba, ni ko shiru kamar an aiki bawa garinsu. Abin yana cina.

Ina da kaka, mahaifin mamata, a wani ƙauye ta wajen Daddara, bari in kira shi Malam Abdu. Asalin gidansu Maguzawa ne, shi ne ma Sarkin Nomansu a da. Lokacin da aka kawo shari'a masu wa'azi suna shiga ƙauyuka ya musulunta, ina goye a lokacin. Da yake Allah Ya ba shi murya sai aka ba shi ladanci, tun da na yi wayo muryarsa ce ke tashin garin da asuba. Ƙaninsa Baba Jatau shi kuma coci ya shiga. Amma wannan bai taɓa raba su ba, gida ɗaya suke, akushi ɗaya suke ci a gindin bishiyar bedin ƙofar gida, ko da azumi Baba Jatau ba ya taɓa tuwon dare sai an sha ruwa su sa hannu tare. Ni kuma a cikin jikoki ni ce 'yar gaban goshin Kaka, amarya yake ce min, in na je sai ya ce ga amarya ta zo ba ta kawo masa ko goro ba zai sake ni ya auro 'yar Maraɗi, ni ma in ce wa zai zauna da tsoho mai haƙori uku.

Bayan girbi na je gaishe su. Ana ta jera damman gero za a zuba a rumbu, sai Baba Jatau ya fara tsokanar Kaka wai tsufa ya cinye shi, ko kirarinsa na Sarkin Noma ba zai iya tunawa ba. Kaka ya yi ta ƙi, Baba Jatau ya yi ta zuga shi. Can dai ya gyara zama, ya yi bisimilla, ya ce zai faɗa ne don in san inda Allah Ya tsamo mu, ba don alfahari ba. Jama'a, ban taɓa jin abu irin wannan ba. Ya yi kirarin, ya kira sunayen iskokin da suke yi wa yanka kafin shuka, ya faɗi kalar zakaran da ake yankawa da inda ake zuba jinin, Baba Jatau yana yi masa amshi suna dariya har da hawaye. Da ya gama ya yi istigfari ya fi a ƙirga, ya ce duk ɓata ne, ba mai ba da damina sai Allah. Sannan ya dube ni ya ce, amarya, wanga zance nan ya tsaya, nan za ya mutu. Na ce to Kaka. Alhali wayata tana cikin hijabi tana ɗauka tun daga farko.

Wallahi ban yi da niyyar cutar da shi ba, amma na san ya hana, wannan kam ba ni da bakin kare kaina. Dokar shirin ita ce kada murya ta yi tsawo saboda data, to da na zo gyarawa sai na yanke farkon na yanke ƙarshen, na bar tsakiyar da ta fi daɗi. Wato bisimillar da bayanin da istigfarin duk na zubar, na bar kirarin da yankan zakara tsirara. Anti ta tambaye ni ko dattijon ya ba da izini, don ba ta saka muryar kowa sai da yardarsa, na ce mata ƙwarai ma kuwa. Ƙarya na yi mata ido cikin ido. Aka saka ranar Asabar, guruf ya ɗauki wuta, wani malami daga Katsina ya ce wannan taska ce, 'yan Maraɗi suna ta turo murya suna cewa kakanninsu ma haka suke yi. Ranar kaina ya yi girma kamar kabewa, ni a dole na kawo abin da ba wanda ya kawo.

Ban sa sunansa ba, na ɗauka shi ke nan. Na manta muryar da ake ji sau biyar a rana ba ta buƙatar suna. Wani ya fitar da ita daga guruf, ta shiga wayoyin direbobin tasha, ta shiga wurin masu cajin waya da tura waƙoƙi, ranar kasuwa ta hau mashin ta tafi ƙauye. Matasa suka fara cewa ashe ladan bai bar tsafi ba, da rana masallaci, da duhu gindin tsamiya. Liman mutumin kirki ne, ya ce shi bai zarge shi ba, amma don a kashe wutar ya ɗan huta da kiran salla har ƙura ta lafa. Aka ba wani. Mutumin da ya bar sarautarsa da abokansa saboda addini, yau shi ake nunawa da baki idan ya shiga sahu.

Abin da ya fi kashe ni shi ne, Kaka bai ko kawo ni a ransa ba. Baba Jatau yana da wata 'yar waya da yake jin waƙoƙin coci da ita, kuma shi ya yi ta zuga shi ranar, sai Kaka ya haɗa biyu da biyu ya ce shi ne. An ce ya faɗa masa maganganu masu zafi, wai dama ya daɗe yana baƙin cikin ganinsa a masallaci, wai ya shirya ne don ya kunyata shi a gaban Musulmi. An ce Baba Jatau hularsa kawai ya ɗauka ya shige ɗaki. Washegari Kaka ya sa aka kafa zana a tsakar gida, aka raba akushi. Mamata ta yi kuka ta yi kuka, tana ta Allah Ya isa ga wanda ya yi wannan aiki, ni kuma ina gefenta ina ninke atamfa ina cewa amin a ciki-ciki.

Satin da ya wuce na kasa daurewa na je, da niyyar in faɗa. Na sami Kaka ya rame, wuyansa duk ya fito. Yana ganina ya washe baki ya ce amarya ta zo, ke ɗai kika rage mani, duniya duk ta juya. Ya sa aka ɗauko min ƙwan zabin da ya tara min. Ku gaya min ta ina zan fara? Na karɓi ƙwai na yi godiya kamar mutuniyar kirki.

Da zan tafi Baba Jatau ya rako ni bakin hanya inda ake samun mashin. Da muka yi nisa sai ya ce, ɗiyata, na ga hasken wayarki cikin hijabi ran nan. Na durƙusa a wurin ina kuka ina ba shi haƙuri. Ya ce in tashi kar mutane su gani. Ya ce, kar ki faɗa mashi. Ni tun muna yara yake fushi da ni yana hucewa, na saba. Ke ko in ya ji, ban san abin da za ya riƙe ba, ga hawan jini. Na ce Baba to ku fa? Ya ce shi dai abu ɗaya ke damunsa, asuba ta daina yi masa daɗi, don duk da ba salla yake yi ba, da muryar yayansa yake tashi.

Na je na faɗa wa Anti gaskiya. Ranta ya ɓaci sosai, ta ce na ci amanar dattijo na ci tata, kuma na ja wa shirin da mutane suka yarda da shi abin kunya. Ta goge muryar daga guruf, amma me goge-goge zai yi bayan ta gama zaga gari? Cikakkiyar muryar tana nan a wayata, da bisimillar da istigfarin da inda yake cewa ba mai ba da damina sai Allah. Anti ta ce a shirye take ta saka ta cikakkiya ranar Asabar, ta ba da haƙuri a bainar jama'a, ta bi ni har wurin Liman a kunna masa. Amma ta rantse ba za ta sake saka muryar bawan Allahn nan ba sai shi da bakinsa ya ce a saka. Ke nan dole sai na tsaya a gabansa na ce Kaka ni ce.

To ga inda nake. In na faɗa, za a wanke shi a masallaci, a wanke Baba Jatau, amma ina tsoron abin da zai same shi, kuma na saɓa roƙon da Baba Jatau ya yi min, ga mamata da Allah Ya isanta a kaina. In na yi shiru, ni ce amarya har gobe, tsofaffi biyu kuma su ƙarasa kwanakinsu da zana a tsakaninsu saboda ni. Wani lokacin sai in ce ai lafiyar Kaka nake ji wa, wani lokacin kuma zuciyata ta ce ƙarya kike, kanki kike ji wa.

Shin in fara faɗa wa mamata ne ta raka ni? Ko Liman zan samu a ɓoye ya san yadda zai shigar masa da maganar? Ko in bi maganar Baba Jatau in ja bakina? Masu ilimi a cikinku, shirun da wanda aka zalunta ya roƙe ka ka yi, ya halatta ka yi shi? Ku zage ni ma in kun ga dama, na cancanta, Admin ya bar ku, amma ku haɗa da shawara, don lokaci ba jirana yake ba. Jiya matar Baba Jatau ta kira mamata, ina jinsu, ta ce har yau in an kai masa tuwo gefe ɗaya yake ci, ɓangaren da Kaka yake sa hannu haka ake dawo da shi ba a taɓa ba.