Cikakken Mugu da Katin Wayata

Zuwa ga mai girma, garkuwar zuriyarmu, fitilar garinmu Gazawa da aka ara wa Yamai, Yaya Sanusi.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, da iyali, da aiki, da zafin birni. Inna da Baba lafiya lau, gero ya fara kai.

Yaya, gagarumar musiba ta auku a fadarmu ta shayi. Gardama ta kaure kan finafinan jaruman nan masu tashi sama: wane ne cikakken mugu? Habu mai gyaran babur ya ce mai ƙatuwar murya da rusa benaye. Na ce wannan hauka ne kawai. Mugu na ƙwarai natsattse ne, mai ladabi, yana cutar ka alhali ya yi imani gyara ka yake yi. Suka ce in kawo hujja. Na miƙe, na gyara hula, na buɗe waya in nuna fim. Wayam, babu katin finafinaina! Kwana uku ke nan ana kirana Malam Babu Hujja, shayi ma sai zagaye na uku ake miƙo mani.

Sai Inna ta shaida mani kai ka zare shi ranar tafiyarka, wai don in riƙe karatun lakol, wato boko. Har ka dafa kaina ka sa mani albarka! Ashe hujjata tana Yamai, sanye da babbar riga.

Ka gaida Anti Balki, a sa mu cikin addu'a. Sannan don Allah ka ba direban motar garin Agiye, mai biyowa ta nan, katin a ambulan. Na yafe maka, muddin ya iso kafin Juma'a.

Ƙaninka wanda aka zalunta cikin ladabi,
Lawali